Waƙar Arctic Monkeys ta 2005: intanet ce ta kai su lamba ɗaya, ko guminsu?

Aminu_Jita:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da take damuna duk lokacin da aka ɗauko zancen ƙungiyar mawaƙan Ingila, Arctic Monkeys. Sai ka ji mutum ya ce ai intanet ce ta yi su, kamar daga kwance suka farka suka tsinci suna. Ranar Litinin 17 ga Oktoban 2005 kamfanin faifai na Domino ya saki waƙarsu "I Bet You Look Good on the Dancefloor", ranar Lahadi 23 ga wata ta hau lamba ɗaya a jadawalin waƙoƙin Birtaniya, ta sauke waƙar Sugababes da ke wurin. Samari huɗu ne daga High Green a gefen Sheffield, mai rera waƙar, Alex Turner, shekararsa 19 a lokacin. Ni a ganina abin da ya kai su nan shi ne yawon wasa a ƙananan ɗakuna tun 2003, ba kwamfuta ba. Ina son jin ra'ayinku, musamman waɗanda suka bi abin tun a lokacin.

Sadiya_Kd:
Wa alaikumus salam. Malam Aminu, to in ba intanet ba, ta yaya mutanen Landan suka haddace baitocin waƙoƙin da ba a sake su ba? Su 'yan Sheffield ne fa.

Aminu_Jita:
Hajiya Sadiya, ban ce ba ta taimaka ba. Cewa na yi ba ita ce tushe ba.

KawuBala_Garmaho:
Ku bari in shimfiɗa yadda abin ya faru, sai ku yi gardamar a kan ƙasa mai ƙarfi. Sun kafa ƙungiyar a 2002. Wasansu na farko a wata mashaya ne mai suna The Grapes a tsakiyar Sheffield, a watan Yunin 2003. Daga nan suka riƙa shiga wani ɗan ƙaramin situdiyo suna ɗaukar waƙoƙin gwaji, su kwafe su a faifan CD, su raba kyauta a wurin wasa. Ba su sayar ba. Waɗanda suka samu faifan su ne suka ɗora waƙoƙin a intanet, suka riƙa tura wa juna, har tarin ya samu sunan da aka san shi da shi, Beneath the Boardwalk, a 2004. Boardwalk ɗin wani wurin wasa ne a Sheffield inda shi Alex ya taɓa aiki. Shafinsu na dandalin sada zumunta na MySpace da jaridu suka yi ta yayatawa kuwa, masoya ne suka buɗe shi, su yaran sun faɗa da bakinsu cewa ba su suka yi ba. Saboda haka ku biyun kowa ya riƙe rabin gaskiya. Yaran sun yi wasan, sun raba faifan, jama'a suka ɗauka suka kai inda ƙafarsu ba ta kai ba.

ɗanFagge:
Kawu ya gama magana. Sai dai ni abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mutum ya riga ya mallaki waƙa kyauta a kwamfutarsa, amma ya tashi ya je kanti ya sayi faifan. Me ya kai shi?

Ummi_Sheffield:
Ni a garin nake karatu yanzu, bari in ɗan sa baki. Matar da nake haya a gidanta tana cikin waɗanda suka saya a makon farko, har yanzu ƙaramin faifan garmahon yana nan a kan shiryayyen falonta, kwalinsa ya ɗan tsufa ta gefe. Na yi mata irin tambayar ɗanFagge. Ta ce a lokacin ji suke kamar ƙannensu ne za su shiga gasa, sayen faifan kamar jefa ƙuri'a ne. Ta ce kowa ya san ranar Lahadi za a karanto jadawali a gidan rediyon BBC Radio 1, suna so su ji sunan 'yan garinsu a sama. Kuma wadda aka saki a faifan ba ita ce ta gwajin ba, an sake ɗaukarta, sautin ya fi tsabta da ƙarfi.

Musbahu_K:
Ku yi haƙuri, ni baƙo ne a irin wannan kiɗa. Me ya bambanta indie da sauran rock? Na saurari waƙar yanzu, jita da ganga ne kawai da gudu, minti uku bai cika ba ta ƙare.

KawuBala_Garmaho:
Musbahu ɗana, asalin bambancin a kasuwa yake, ba a sauti ba. Akwai manyan kamfanonin faifai, a 2005 guda huɗu ne suka riƙe kasuwar duniya: Universal, Sony BMG, Warner da EMI. Sai kuma ƙananan kamfanoni masu zaman kansu, su ne asalin abin da ake kira indie. A Ingila wannan hanya ta yi ƙarfi tun ƙarshen shekarun 1970. Buzzcocks sun buga faifansu da kansu a Janairun 1977, kamfanin Rough Trade ya taso a Landan, Factory a Manchester a 1978, Creation a 1983. Daga baya ne sunan ya koma kan salon kiɗan da irin waɗannan kamfanoni suka fi fitarwa. Domino kuwa Laurence Bell ne ya kafa shi a 1993.

Engr_Nura:
A nan ne nake da ja da Malam Aminu da Hajiya Sadiya gaba ɗaya. Kun manta da kamfanin. Domino ba ɗan koyo ba ne a 2005. Shekara guda kafin nan ya fitar da ƙungiyar Franz Ferdinand ta Glasgow, waƙarsu "Take Me Out" ta kai lamba uku a Janairun 2004, faifansu ya sayu sosai har a Amurka. Wato akwai kuɗi a hannu, akwai sanin hanyar rarraba kaya, akwai ƙafa a gidajen rediyo. Waƙa ba ta hawa lamba ɗaya a wancan zamani sai faifan yana kan kanta a HMV da Virgin da Woolworths ranar Litinin da safe, daga Aberdeen har Plymouth. Masoya a intanet ba sa iya wannan aikin. Hujjata ita ce, a watan Mayun 2005 yaran sun fitar da ƙaramin faifai da kansu, Five Minutes with Arctic Monkeys, a ƙarƙashin tambarinsu Bang Bang, kwafi kaɗan. Bai girgiza jadawali ba. A watan Yuni suka sa hannu da Domino, wata huɗu bayan nan ga lamba ɗaya.

Aminu_Jita:
Injiniya, ka kawo hujja mai nauyi. Amma ka tambayi kanka me ya sa kamfanoni suke rububinsu a lokacin? Saboda ɗakunan da suke wasa suna cika ne. A watan Agustan 2005 a bikin Reading da Leeds an sa su a ƙaramin tanti, jama'a suka cika shi har waje, suna rera waƙoƙin tare da su. Domino bai saki komai ba tukuna.

Sadiya_Kd:
To ai ka dawo kan maganata, Malam. Waɗanda suka cika tantin a ina suka koyi baitocin?

Hamza_Damagaram:
Salama ga kowa. Ni abin da Kawu ya faɗa na rabon faifai kyauta ne ya tsaya mini a rai, don mu ma mun ga irinsa. A nan Damagaram yawancin waƙoƙin da suka yi tashe ta wurin masu tura waƙa a memori suka bazu, ka ba da ɗan abin da ya samu a cika maka waya. Mawaƙin bai ga ko dala ba daga turin, amma sunansa ya shiga ko'ina, sai a fara kiransa biki. Bambancin shi ne su can akwai kantin da masoyi zai je ya saya in ya ga dama, kuma akwai mai ƙirgawa. Mu babu mai ƙirga komai, ba ka da takardar da za ka nuna ka ce waƙata ce ta fi kowace tafiya a wannan mako.

ɗanFagge:
Gaskiya ne Malam Hamza. Ƙanena yana waƙa, ya kashe kuɗin situdiyo daga aljihunsa, ya saki waƙar ranar Juma'a, kafin Asabar da yamma ta kai hannun masu turi an sa wa fayil ɗin sunan wani mawaƙi daban. Wannan ne ya fi ƙona masa rai, ba rashin kuɗin ba. Su Arctic Monkeys aƙalla waƙoƙin da sunansu suka yi yawo.

Malam_Sani_Z:
Ni dai ina da tambaya ta wani gefe. Na duba ma'anar waƙar, zancen kallon mace ne a gidan rawa. Sauran waƙoƙin faifan ma shaye-shaye ne da yawon dare. Mene ne abin koyi a nan da har za mu zauna muna tattaunawa?

Ummi_Sheffield:
Malam Sani, tambayarka tana kan hanya, kuma ba zan ce maka waƙar wa'azi ce ba. Rayuwar daren garinsu suke bayyanawa, wadda ba tamu ba ce. Amma wanda ya saurari faifan gaba ɗaya zai ga ba yabon wannan rayuwa kawai suke yi ba. Waƙarsu ta biyu, "When the Sun Goes Down", da ta fito a Janairun 2006 ita ma ta hau lamba ɗaya, a kan matan da talauci ya jefa a titi take a wata unguwa kusa da inda suke atisaye, da irin mazan da ke cin moriyarsu. Da tausayi aka rubuta ta, da fushi a kan namijin. Yaro ɗan shekara 19 ya leƙa ta taga ya ga abin da manya suke kawar da kai daga gare shi. Ni wannan ne ya sa nake girmama rubutunsa.

Malam_Sani_Z:
Na ji bayaninki, Malama. Ni dai ba zan saurara ba, amma na fahimci abin da kike nufi.

Zee_Accra:
Ba wanda ya taɓo faifan bidiyon! Babu mota, babu labari, babu ado. Su huɗu ne a ɗakin ɗaukar shirin talabijin suna kaɗawa kai tsaye, an ɗauka da tsofaffin kyamarori don ya yi kama da shirye-shiryen kiɗa na da. Kafin su fara Alex ya faɗi sunan ƙungiyar da sunan waƙar, sannan ya ce kada a yarda da zuzutawar da ake yi musu. Ku lura, sautin da ke bidiyon na wasan ne a wurin, ba na faifan ba. Matt Helders yana dukan ganga yana amshi a lokaci guda. Duk wanda ya kalli wannan ya san sun iya abinsu. Ina bayan Malam Aminu.

Engr_Nura:
Zee, wannan ma dabarar talla ce mai kyau, kuma wani ne ya biya kuɗin kyamarorin. Ban ce ba su iya ba. Cewa nake iyawa kaɗai ba ta isa. A shekarun nan ƙungiyoyi nawa ne a Leeds da Sheffield da Newcastle suka iya kiɗa, suna cika ɗakuna, amma yau ba mai tuna su? Ga mujallar NME da ta ɗauke su a ka, ga Zane Lowe yana sa su a Radio 1 da yamma. Duk wannan aiki ne da ake tsarawa.

KawuBala_Garmaho:
Akwai wani abu game da jadawalin kansa da ya kamata matasa su sani, don kada ku auna 2005 da ma'aunin yau. Sai a watan Afrilun 2005 aka fara haɗa waƙoƙin da aka saya ta intanet cikin babban jadawali, shi ma da sharaɗin akwai faifan a kanti. Waƙar farko da ta hau lamba ɗaya da cinikin intanet zalla ita ce "Crazy" ta Gnarls Barkley, a Afrilun 2006. Wato lokacin da ta Arctic Monkeys ta fito, ƙirgen sayayya ne tsantsa, wanda ya sauke ta kyauta ba ya cikin lissafi ko sau dubu ya saurara. Sai a Yulin 2014 aka fara ƙirga saurare ta manhajoji irin su Spotify, a farko saurare 100 a matsayin sayen kwafi ɗaya. A Yulin 2015 kuma aka mayar da ranar sakin waƙoƙi da ranar jadawali zuwa Juma'a. Tun daga nan ya yi wuya ƙungiyar jita ta hau saman jadawalin waƙoƙi, domin masoyansu ba sa iya taruwa a mako guda su rinjayi waƙar da miliyoyi ke saurare kullum a mota da wurin aiki. A jadawalin kundi ne suke da ƙarfi har yanzu, saboda masu sayen garmaho.

Musbahu_K:
Kawu na gode. To kundin nasu fa, ya ya kasance?

ɗanFagge:
Ya fito 23 ga Janairun 2006, Whatever People Say I Am, That's What I'm Not. Ya sayar da sama da kwafi 360,000 a makon farko. Babu kundin farko na wani mawaƙi da ya taɓa yin haka a Birtaniya, kuma har yau ba a karya ba.

Sadiya_Kd:
ɗanFagge, an karya fa. Leona Lewis ta wuce shi a 2007, Susan Boyle kuma ta wuce ta a 2009. Amma su biyun daga gasar talabijin suka fito, kuma su kaɗai suke waƙa, ba ƙungiya ba. Kundin Arctic Monkeys ɗin ya kuma ci kyautar Mercury ta gwarzon kundin shekara a 2006.

Hamza_Damagaram:
Abin da Hajiya Sadiya ta faɗa yana da muhimmanci. Su Leona da Susan, miliyoyin mutane sun kalle su a talabijin mako-mako kafin su saki komai. Su Arctic Monkeys kuwa an ce ko shirin kiɗa na talabijin, Top of the Pops, ƙin zuwa suka yi.

Ummi_Sheffield:
Wani abin da ba a ji sai an zauna a nan shi ne harshe. Alex da karin harshen Sheffield ya yi waƙar, yadda direban bas da mai sayar da kifi da dankali suke magana. Mawaƙan Ingila da yawa in sun buɗe baki sai su koma kamar Amurkawa. Su ba su yi haka ba, har suna da waƙa guda da suke caccakar masu kwaikwayon Amurka alhali daga Rotherham suke, nan kusa da Sheffield. Garin nan na masana'antar ƙarfe ne da ya sha wahala bayan rufe masana'antu a shekarun 1980, mutanensa suna jin Landan ta raina su. Ka ji muryar unguwarku a lamba ɗaya, ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu. Kafin su akwai Pulp da Human League da Def Leppard, duk 'yan garin, amma mai gidana ta ce waɗannan ne suka fi yi mata kama da yaran da take gani a tashar taragon cikin gari.

Aminu_Jita:
Wannan ne ma nake nufi, Malama Ummi. Intanet tana ɗaukar duk abin da aka ɗora mata, mai kyau da marar kyau. A shekarar nan dubban ƙungiyoyi suna da shafi a MySpace. Me ya sa na waɗannan ne mutum zai tura wa abokinsa ya ce dole ka ji? Saboda akwai abin ji ne.

Engr_Nura:
Kuma me ya sa waɗanda ke da abin ji da yawa ba su kai ko'ina ba? Amsar tana ofishin Domino.

Zee_Accra:
Ku tuna kuma da wanda abin ya fi ƙarfinsa. Andy Nicholson, mai jitar bas, ya bar tafiyar a 2006 kafin su zagaya Amurka, gajiya aka ce, Nick O'Malley ya maye gurbinsa. Daga wasa a mashaya zuwa yawon duniya cikin shekara uku. Ina yawan tunaninsa in na kalli bidiyon, yana tsaye a gefe yana kaɗawa. A 2012 da suka yi wannan waƙar a bikin buɗe gasar Olamfik a Landan ba ya cikinsu.

Musbahu_K:
Har yanzu irin wannan kiɗan suke yi? Wadda na sani tasu ita ce "Do I Wanna Know?", kuma ba su yi kama ba ko kaɗan.

KawuBala_Garmaho:
Sun canja sosai. Waccan ta 2013 ce, daga kundin AM, ita ce ta buɗe musu Amurka. A Mayun 2018 kuma suka saki Tranquility Base Hotel & Casino ba tare da sun fitar da waƙa ko ɗaya a gabansa ba, kundin da piyano ya fi yawa a cikinsa. Masoya suka rabu biyu, amma ya hau lamba ɗaya. Ƙungiyar da waƙa guda ta ɗaga ta kai matsayin da ba ta buƙatar waƙar share fage. Kuma duk tsawon shekarun nan suna tare da Domino, ba su koma babban kamfani ba. Injiniya zai ce hujjarsa ce, Aminu ma zai ce tasa ce.

Sadiya_Kd:
Ni ban sauya ba. Ku dubi ƙungiyar Wet Leg, su ma Domino ne, daga tsibirin Isle of Wight. Waƙarsu ta farko "Chaise Longue" ta fito a Yunin 2021, lokacin da wuraren wasa ba su gama buɗewa daga kullen korona ba. Ta intanet ta bazu, kundinsu ya hau lamba ɗaya a Afrilun 2022, suka ci Grammy a 2023. Ina yawon ƙananan ɗakunan a nan, Malam Aminu?

Aminu_Jita:
Wet Leg wani zamani ne daban, Hajiya, shekara 16 tsakani. Kuma Rhian Teasdale da Hester Chambers sun daɗe suna waƙa kafin su haɗa ƙungiyar, ba ranar suka fara riƙe jita ba. Ki lura kuma waƙar tasu ba ta hau lamba ɗaya ba, kundin ne ya hau, daidai abin da Kawu ya bayyana.

ɗanFagge:
Na tura wa ƙanena duk wannan muhawarar. Tambayarsa ɗaya ce: ya ci gaba da sakin waƙa ɗaya-ɗaya kyauta, ko ya tara ya nemi wanda zai tsaya masa?

Hamza_Damagaram:
Ka ce masa ya fara da sa sunansa a cikin waƙar kanta, ya faɗe shi da baki a farko, yadda ko an canja sunan fayil ba za a iya goge shi ba. Su ma a bidiyon da Zee ta ambata abin da suka fara yi ke nan.

Engr_Nura:
Kuma ya karanta duk takardar da za a ba shi kafin ya sa hannu, ya nemi lauya ya duba masa wa zai mallaki waƙoƙin da kuma na tsawon wane lokaci. Malama Ummi, in kin samu dama ki tambayar mana mai gidanki ko CD ta fara saya ko garmahon, da kuma a wane kanti. Ina so in san ko ƙaramin shagon unguwa ne ko ɗaya daga cikin manyan.

Ummi_Sheffield:
Ta tafi aikin dare, sai da safe zan gan ta. Zan tambaye ta in sha Allah.